Me ya sa hoto ke rawa idan ka jawo shi kusa?

Ka taɓa tsayawa bakin gulbi a Isa ko Sabon Birni, ka ɗaga waya ka jawo hoton tsallake kusa, sai ka ga komai na tsalle? Hannun kowane mutum yana 'yar karkarwa, wajen sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa guda. Madubin hangen nesa da ke ƙara girman abu sau 10, haka yake ƙara girman karkarwar sau 10. Shi ya sa bishiyar da ke tsaye take zama kamar mutum mai gudu.

Masu ƙera madubin sun nemo magani. A 1990 kamfanin Zeiss na Jamus ya fitar da wani mai ƙara girma sau 20, wanda gilasan cikinsa ke rataye, ko jikin madubin ya motsa su suna nan daram, kuma ba ya cin batir. Canon na Japan kuwa ya bi ta lantarki. Akwai 'yar na'ura mai jin motsi a ciki, da gilasai biyu da aka cika tsakaninsu da ruwa mai kauri. Hannunka na karkata, na'urar za ta sanar da ƙaramar kwamfuta, ita kuma ta karkatar da gilashin yadda hasken zai faɗo daidai idonka. Duk kafin ƙiftawar ido.

Wayoyi ma haka. Wasu suna motsa gilashin kyamara, wasu kuma manhaja ce ke yanke gefunan bidiyo don ya zauna.

To amma ina gizo ke saƙar? Dabarar nan karkarwa kaɗai take gyarawa. Ba ta kore ƙurar hunturu, ba ta gaya maka su wane ne a kan baburan da ka hango. A yankin da jama'a ke kwana da fargabar 'yan bindiga, bidiyo ɗaya mai rawa a WhatsApp ya isa ya watsa kasuwa, ko ya jefa bayin Allah cikin zargi.

Don haka ka kama waya da hannu biyu, ka manne gwiwar hannu a ƙirji, ko ka jingina da katanga. Ka rage jawowa. In ba ka tantance abin da ka gani ba, ka sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro, kar ka tura wa duniya.