Shafin da aka hana Google shiga, ina makomarsa?

Masu shafunan intanet da dama, tun daga ƴan kasuwa har ma'aikatun gwamnati, suna zaton idan sun hana injinan bincike shiga wani shafi, shi ke nan ya ɓace wa idon duniya. Mun duba yadda abin yake tafiya, muka tarar da sauran magana.

Kowane injin bincike, kamar Google ko Bing, yana da manhajar da ke yawo dare da rana daga shafi zuwa shafi tana kwafe abin da ke ciki. Ta Google sunanta Googlebot. Kafin ta shiga gida, sai ta karanta wata ƴar takarda da mai gidan ya ajiye a bakin ƙofa, mai suna robots.txt, inda ya lissafa ɗakunan da bai yarda a shiga ba. Wani injiniya ɗan ƙasar Holand, Martijn Koster, shi ya kawo wannan dabara a 1994, amma sai a 2022 hukumar IETF ta fitar da ƙa'idojinta a rubuce da lamba RFC 9309.

Takardar nan roƙo ce kawai, ba ta kulle komai. Manyan injina suna mutunta ta, ɓarayin bayanai kuwa ko kallo ba ta ishe su ba. Kowa na iya buɗe ta ya karanta, saboda haka wanda ya rubuta sunan ɗakin sirrinsa a ciki ya nuna wa ɓarawo hanya da hannunsa.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne wannan: Google ba zai shiga shafin da aka hana shi ba, amma in wasu shafuka sun ambaci adireshinsa, yana iya fitar da adireshin a sakamakon bincike, tsirara, babu bayani a ƙarƙashinsa. Wato bai leƙa ɗakin ba, amma ya ji labarinsa wajen maƙwabta. In adireshin na ɗauke da sunan mutum ko sunan wata takardar asiri, ai an riga an sha kunya.

Mai son a cire shafinsa gaba ɗaya, akwai alamar noindex da ake rubutawa cikin shafin. A nan ne da yawa suke tuntuɓe: sukan sa alamar, su kuma rufe ƙofa da robots.txt. To yaya Googlebot za ta ga alamar da ke cikin ɗakin da aka hana ta shiga? Dole a bar ta ta shiga, ta karanta, sannan a cire shafin. Wasu a da sukan rubuta noindex cikin robots.txt ɗin kansa, amma Google ya daina kula wannan tun 1 ga Satumba 2019. Takardun albashi, sunayen marasa lafiya da makamantansu kuwa, a ganinmu kalmar sirri ce kaɗai ta dace da su.

Tun 2023 takardar ta sami sabon aiki. A shekarar ne kamfanin OpenAI ya bayyana manhajarsa GPTBot, Google kuma ya fito da Google-Extended, kuma manyan jaridu irin su New York Times suka rubuta GPTBot cikin jerin waɗanda ba su yarda su kwashi labaransu ba.