YADDA JIRGIN ƘASA YA JUYA HANYAR GORO

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'ar Sabo ta Badun, da ta Agege, da ta Shagamu, ko kun taɓa tambaya me ya kawo kakanninku Kurmi har suka yi zango suka zauna? Wani zai ce goro, wani zai ce shanu. Duk gaskiya ne, amma abin da ya ɗauko goron da shanun shi ne wani ƙarfe da aka ƙera a Ingila.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. A hura wutar kwal a ƙarƙashin tukunyar ƙarfe, ruwa ya tafasa, tururi ya rasa mafita sai ya ture wani sandan ƙarfe, shi kuma ya juya ƙafafu. Da wannan ne wani Bature mai suna George Stephenson ya ja kaya da mutane daga Darlington zuwa Stockton a 1825. A 1829 jirginsa ya yi gudun kusan mil 30 cikin awa guda. Har agogon Ingila sai da jirgi ya gyara, don a da kowane gari da nasa lokacin. Kamfanonin jirgi ne suka fara bin agogo guda tun wajen 1847, gwamnati ta mai da shi doka a 1880.

To, kafin dogo ya iso mana, goro daga Gwanja ya ke zuwa. Fatake su haɗa ayari a Kano, madugu ya shige gaba, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu. Su ratsa Kwara, su bi ta ƙasar Bargu, kowane sarki a ba shi fito, kowane daji a kwana da ido ɗaya don 'yan fashi. Zuwa da dawowa ya kan ci wata shida, wani lokaci ma shekara. Goro kuwa kun san halinsa, ba ya son zafi, ba ya son iska. Sai an yi ta kwance huhu ana tsince mai ƙwaro ana sake ganye. Shi ya sa a wancan zamani ƙwaryar goro kyauta ce ta sarakuna da attajirai, talaka kuwa sai ranar ɗaurin aure ko suna.

Dogo ya tashi daga Ikko ya isa Badun a 1901. Wani kuma ya taso daga Baro, bakin Kwara, ya shiga Kano a 1911. A 1912 aka haɗa su, amma a Jebba sai an ɗora taragu kan jirgin ruwa an haye da su, har aka gama gada a 1916. Tafiyar mil 700 ta koma ta 'yan kwanaki.

Turawa fa ba don goro suka yi wannan aiki ba. Auduga su ke so don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka duba kuɗin da 'yan kasuwa ke bayarwa, suka ce gyaɗa ta fi, daga nan aka sami dalar gyaɗa. Fatake su ma suka yi nasu lissafin. Me zai sa mutum ya kora jaki wata uku, alhali jirgin ruwa zai sauke goron Gwanja a Ikko, jirgin ƙasa ya kai shi Kano da ɗanyen ganyensa? Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya ta teku. Ba a daɗe ba manoman Yarbawa na wajen Agege da Ota da Ifo suka ga kasuwa ta zo ƙofar gida, suka dasa irin goron da Bahaushe ke so. Gonar goro ta matso kusa da tasha.

Sai dai wanda ke Kano ba zai sayi goro a Kurmi da baki ba. Dole a sami amintacce mai jin Yarbanci, mai ɗakin ajiya, wanda zai saukar da baƙo, ya tsaya masa wajen bashi, ya sa a ɗaure huhu a kai tasha kan kari. Nan ne asalin maigida da dillali da yaran gida. An keɓe Sabon Badun a 1916, shekarar da aka gama gadar Jebba. Shanu ma haka. Wanda aka koro da ƙafa makonni ta dajin ƙudan tsando ya kan iso a rame, wani da sammore. Na tarago kuwa ya sauka da kitsensa.

Akwai waɗanda abin bai yi wa daɗi ba, kuma ba a cika tuna su ba. Madugu ya rasa ayarin da zai ja. Masu jakuna, da matan da ke sayar da fura da tuwo a zangunan hanyar Bargu, kasuwa ta yi musu ƙaura ba sallama. A ganina ba su yi wani laifi ba, hanya ce kawai ta bi ta wani wuri.

Jirgin shi ma an yi masa irin wadda ya yi wa jaki. Da aka shimfiɗa kwalta, mota ta zo tana ɗaukar huhu daga ƙofar maigida, ba jiran tarago, ba roƙon akawun tasha. Tsohon dogo ya yi ta lalacewa. An buɗe sabo daga Abuja zuwa Kaduna a 2016, da na Ikko zuwa Badun a 2021, amma goron Shagamu har yau a bayan tirela ya ke zuwa Arewa.