Fitilar Motar Zamani: Ga Haske, Ga Tsadar Gyara

Duk wanda ya saba bin hanya da dare ya san motar nan da direbobi ke kira mai ido ɗaya. Daga nesa sai ka ɗauka babur ne ke tafe, ka raɓa ka bar masa hanya daidai ta babur, sai kun kusa haɗuwa ka ga ashe mota ce sukutum. A da in an ga irin wannan akan ce sakacin mai motar ne, domin ƙwan fitila bai taka kara ya karya ba. A yau kuwa akwai masu motoci da yawa da ke yawo da ido ɗaya saboda kuɗin gyaran da aka yanka masu ya fi ƙarfin aljihunsu. To, 'yan'uwa, ya kamata mu san abin da ya kawo haka, tun da dukanmu muna bin hanyar nan, masu mota da fasinjoji da masu tafiya a ƙasa.

Yadda Abin Yake A Da

Manya daga cikinmu za su tuna da Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a kamfanin da aka buɗe a Kaduna a shekarar 1975. In fitilarta ta mutu, sai direba ya ɗaga bonet, ya zare soket da murfin roba, ya kwance ɗan ƙarfen da ya riƙe ƙwan, ya sa sabo. Kafin shayi ya huce an gama. Ƙwan halojin, wanda aka soma sa wa motoci a Turai a 1962, ɗan siririn zare ne na ƙarfe a cikin gilashi. Wanda aka fi sani shi ne H4, mai zare biyu, ɗaya na dim mai wat 55, ɗaya na ful mai wat 60. Ƙwai iri ɗaya yakan shiga motoci barkatai, shi ya sa ba a rasa shi ko a ƙaramin shago na bakin tasha.

A Amurka ma, tun daga 1940 doka ta tilasta wa masu ƙera motoci su yi amfani da fitilu masu girma da fasali ƙayyadaddu. A 1983 aka sassauta dokar. Daga nan kowane kamfani ya shiga zana fitila yadda ya ga dama, har ta zama adon fuskar mota. Sakamakon haka, gidan fitilar wannan mota ba ya shiga waccan, wani lokaci ma na bara ba ya shiga ta bana ko da sunansu ɗaya.

Abin Da Ya Sake

A 1991 kamfanin BMW ya fito da fitilar zenon. Wannan ba ta da zare a ciki. Iskar gas ce ke kamawa ta ba da farin haske, kuma kafin ta kama sai wani ɗan akwati da ake kira balas ya ɗaga ƙarfin wuta daga bolt 12 na batir zuwa fiye da bolt 20,000. Wato in ta mutu, yana iya zama ƙwan ne, yana iya zama akwatin, yana iya zama na'urar da ke kunna ta. Kuma wanda bai san aikin ba in ya sa hannu tana kunne, wutar tana iya yi masa lahani.

Bayan ta sai fitilar LED ta shigo, a motar Lexus LS 600h a 2007, sa'an nan Audi R8 a 2008. Gaskiya ne tana da haske, ba ta cin wuta sosai, tana kuma daɗewa. Amma a motoci da yawa an manne 'yan ƙwayoyin hasken a jikin allon lantarki, an rufe gidan ruf da gam. Babu ƙwan da za a zare. In wani ɓangare ya mutu, sai a sayi fitilar ɗungurungum. Wasu suna da 'yan injuna a ciki masu juya haske in an karya sitiyari, wasu kuma kyamara ce ke rage masu haske in mota na zuwa. Irin waɗannan ko an ɗaura sabuwa, sau da yawa sai an haɗa motar da kwamfuta an sanar da ita kafin fitilar ta yi aiki sosai. A Amurka, irin wannan fitila guda ɗaya a wasu manyan motoci takan wuce dala 1,000. Haka abin yake a baya: jan layin nan mai ban sha'awa na fitilar birki, in rabinsa ya mutu, duka ake sakewa.

Ko motar da har yanzu take da ƙwan halojin ba ta tsira ba. An cusa inji da na'urar sanyaya mota da akwatin tace iska a ɗan wuri, har hannu ba ya iya kaiwa bayan fitila. A wata motar sai an ɗauke batir, a wata sai an kwance bamba gaba ɗaya. Renault Mégane ta 2002 ta yi suna a kan wannan, domin ta cikin ramin taya ake zura hannu a laluba. Sai ka ga kuɗin aiki ya ninka kuɗin ƙwan.

Namu Ya Fi Nauyi

Yawancin motocin da muke hawa na hannu ne, 'yan Kwatano ko tokumbo, waɗanda suka yi shekaru suna aiki a ƙasashen waje. Suna iso mu ne daidai lokacin da fitilunsu suka soma gajiya. Ga zafin rana wanda ke rage kwanan LED, ga ramuka masu girgiza komai. Fuskar fitilar ma yanzu roba ce, rana takan mai da ita rawaya ta dushe, in kuwa ta tsage ruwan damina ya shiga ya ƙona allon ciki. Sa'an nan duk kayan daga waje ake kawo su. A watan Yuni na 2023 aka saki farashin naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024. Mai kaya a Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Ladipo ta Legas, da wannan lissafi yake sayarwa.

Araha Ba Ta Ado

Tsadar nan ta sa mutane suna yanke, kuma a nan haɗarin yake. Wani yakan sa ƙwai mai wat 100 a gurbin mai 55, zafi ya narka soket da waya. Wani yakan sayi ƙwan LED mai araha ya cusa a gidan da aka ƙera domin halojin. Madubin cikin gidan an auna shi ne daidai da wurin da zaren halojin yake, saboda haka hasken sai ya watsu ya kashe idon mai zuwa, shi kuwa direban yana murna motarsa ta yi haske. Akwai kuma fitilun hannu da aka ciro daga motocin Ingila ko Japan, inda ake bin hagu. Haskensu ya fi ɗagawa ta gefen hagu. Mu kuwa tun 1972 muka koma bin dama, don haka irin wannan fitila a hanyarmu idon mai zuwa take nufa.

Abin Da Za Mu Yi

Bahaushe ya ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Kafin mu biya kuɗin mota, mu tambayi wace irin fitila ce da ita, mu leƙa kasuwa mu ji farashin guda ɗaya, mu kuma kunna dim da ful da sigina da fitilar birki mu gani da idonmu. In fitila ta mutu, kada mu yi saurin sayen sabuwa. Mai gyaran waya ya fara duba fis da soket da wayar at, domin sau da yawa laifin a nan yake. In ƙwai yana yawan mutuwa, a auna cajin motar, wanda ya kamata ya tsaya wajen bolt 14 in inji na aiki. Kada a kama gilashin ƙwan halojin da yatsa, maiƙon hannu yana gajarta kwanansa. Fuskar da ta dushe ana iya goge ta ta washe, tsaga kuma a toshe ta kafin damina. Bayan kowane gyara, a tsai da motar gaban bango da dare a daidaita hasken ya sauka ƙasa.

Masu lura da motocin ikkilisiya, waɗanda ke ɗaukar mawaƙa da zumuntar mata zuwa taro su dawo da dare, su sa kuɗin fitila a cikin kasafin shekara kamar yadda suke sa na taya da na birki. Tuƙi da mataccen ido laifi ne a wurin jami'an kiyaye haɗura, amma tarar ita ce ƙaramar hasara. In kuɗin gyara bai samu ba tukuna, mu shirya tafiyarmu da rana, mu kwana inda dare ya same mu, har ran da motar ta sami idonta na biyu.