Idan Agogon Tsohuwar Mota Ya Fara Ƙarya: Ina Za A Fara Dubawa?

'Yan uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu mun taɓa shiga tsohuwar Fijo 504, ko a tasha ko a gida. An fara ƙera wannan mota a Faransa a 1968, sannan kamfanin PAN da ke Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya baza ta ko'ina a Nijeriya. Inda tsufa ya fi kama ta shi ne agogunan da ke gaban direba. Sai ka ga allurar mai ta kwanta alhali tanki cike yake, ko ta zafi ta ƙi motsi ko da injin na tafasa. Direban da agogo ya yaudara zai iya kwana a daji babu mai, ko injinsa ya buga.

Sau da yawa agogon ba shi da laifi. Shi ɗan aike ne, abin da aka ba shi yake faɗa.

Yadda saƙo ke tafiya

A cikin tankin mai akwai wani ɗan abu mai yawo a saman fetur, haɗe da siririn hannu na ƙarfe. Mai ya ragu, ya sauka. Mai ya ƙaru, ya hau. Wannan motsi yana sauya yawan turjiyar da lantarki ke gamuwa da ita, allura kuma ta bi. Agogon zafi ma haka: akwai ɗan ƙarfe da aka ɗaure a jikin injin, bakinsa na taɓa ruwan sanyaya shi, kuma turjiyarsa na raguwa idan ruwan ya yi zafi. Wanda ya riƙe dokar Ohm a darasin Fiziks ya gane zancen: turjiya ta ragu, wuta ta ƙaru.

Ke nan abubuwa huɗu ke aiki tare: wuta daga batir ta fis, agogo, waya da mai aiko da saƙo, sai jikin motar, wanda ta nan wuta ke komawa batir. Ɗaya ya samu matsala, allura ta rikice.

Tambayar farko: guda nawa suka lalace?

Idan agoguna duka sun mutu lokaci ɗaya, da wuya a ce kowanne ya lalace da kansa. A duba abin da suka haɗu a kai, wato fis da wayar da ke ɗaure da jikin mota. Tsatsa a wannan mahaɗa kan sa allura ta motsa duk lokacin da aka kunna fitila. A kankare wurin har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tamau. A auna batir ma: lafiyayye yakan nuna wajen bolt 12.6 in injin a kashe yake, ya haura zuwa wajen 14 in yana aiki.

Idan kuwa agogo ɗaya ne, a bi hanyarsa shi kaɗai. Masu rewaya suna da gwaji mai sauƙi ga agogon zafi. Sai su zare wayar daga ɗan ƙarfen da ke jikin injin, su murɗa makulli ba tare da tayar da mota ba, su taɓa bakin wayar da jikin injin na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Allura ta zabura zuwa ƙarshe? To agogo da waya lafiya lau, ɗan ƙarfen ne za a sauya. Ba ta motsa ba? Waya ta katse, ko wuta ba ta isa agogon, ko shi kansa ya mutu. Ba a daɗewa ana taɓawa, don kada agogon ya ƙone.

A agogon mai, abin da ke yawo a tanki kan huje ya sha fetur ya nutse, sai allura ta zauna ƙasa kullum. Wani lokaci kuma hannunsa ne ke maƙalewa.

Agogon gudu daban yake, ba lantarki ke juya shi ba. Wata igiyar ƙarfe ce daga giyabos take jujjuyawa cikin kube. Allura na rawa, igiyar ta bushe ko ta lanƙwashe. Ta kwanta gaba ɗaya, mai yiwuwa ta tsinke.

Kada a raina gargaɗi

Babban haɗari shi ne direba ya saba cewa "ai agogon ne". Idan allurar zafi ta kai ja, ko fitilar baƙin mai ta kama ana cikin tafiya, a tsaya a kashe injin tukuna, bincike ya biyo baya. Injin da baƙin mai bai zagaya cikinsa ba yana lalacewa cikin 'yan mintoci. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan kan yi tsiri ya ƙona fuska. Aikin tanki kuwa na ƙwararre ne: sai an cire kan batir, kuma babu ashana ko sigari kusa, domin tururin fetur tartsatsi ɗaya yake jira.

Saboda haka, kafin a kashe kuɗi a kan sabon agogo, a fara da mai araha: fis, tsatsa, waya. Ku 'yan ajin kimiyya, in kun raka wani gareji lokacin hutu, ku nemi izinin mai rewaya ku kalli wannan gwaji. Za ku ga zanen da malam ya yi a allo yana aiki a ƙarƙashin bonet.