Ƙurar Hunturu Da Hayaƙi: Abin Da Suke Rage Wa Ma'aikaci Da Ɗan Kokowa

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu kan lulluɓe Affala da sauran garuruwan arewacin Adar da hazo. Wani ɓangare na wannan ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, wurin da masana ke ɗauka a matsayin babbar mahaifar ƙura a duniya. Mutane sun saba da ita har ba sa lissafa ta cikin abin da ke rage musu ƙarfi, alhali tana ragewa.

Ƙwayoyin da suka fi haɗari su ne waɗanda faɗinsu bai kai mikiromita 2.5 ba. Gashin hanci ba ya tare su. Sukan wuce can cikin huhu, wasu su shiga jini. Rufe ƙofa ma ba ya hana su shiga ɗaki, inda sukan haɗu da hayaƙin itace da na janareto. Tela a shagonsa a Tawa, ko malami a aji, sai ya ji kai ya yi nauyi, ido na ƙaiƙayi, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Binciken da aka yi kan ma'aikatan amsa waya a ƙasar Sin ya nuna aikinsu kan ragu a ranakun da iska ta fi gurɓata, ko da yake a cikin ofis suke.

Ɗan wasa ya fi kowa shan wahala. Mai hutawa kan shaƙi kimanin lita 6 na iska a minti ɗaya, amma wanda ke tsakiyar karawa zai iya wuce lita 100, kuma ta baki yake numfashi. Saboda tsoron gurɓatacciyar iskar Beijin ne Haile Gebrselassie na Habasha, mai fama da asma, ya janye daga gudun fanfalaki a gasar Olamfik ta 2008. Mu kuwa, gasar kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, a lokacin sanyi ake yawan yin ta, bisa rairayi, cikin hazo.

Ba mu da ikon tsayar da iskar Bodele, amma hayaƙin da muke ƙara mata yana hannunmu. A fitar da murhu da janareto fili, a daina ƙona shara kusa da makaranta da filin wasa, a yayyafa ruwa kafin shara da kafin karawa. Ranar da hazo ya yi kauri, masu horarwa su sassauta atisaye, mai tari ko ƙarancin numfashi kuma ya garzaya likita.