Tawadar da ake yi wa kaskon da ba ya kamu ado da ita

'Yan uwa ɗalibai, a cikin kayan ɗakin amare na yanzu akwai wani baƙin kasko mai santsi wanda ƙwai ba ya kama shi. Wani za ku ga an yi masa ɗige-ɗige kamar dutse, wani kuma jan da'ira a tsakiya. Tambayar da muka ɗauko bana ita ce: abin da ko ƙwai bai iya manne masa ba, ta yaya tawada ta zauna a kansa?

Santsin nan wani sinadari ne da ake ce wa PTFE, an fi saninsa da sunan Teflon. Roy Plunkett ne ya gano shi a 1938 a kamfanin DuPont na Amurka. A 1954 wani injiniya Bafaranshe, Marc Grégoire, ya samo dabarar liƙa shi a jikin alminiyam, daga nan aka kafa kamfanin Tefal a 1956. Halinsa shi ne ƙin komai. Ruwa in ya hau kansa sai ya dunƙule ya gangara, mai ma da ƙyar yake bazuwa.

To, mu da muke rubutu a allo mun san tawada. Baƙin tukunya ko gawayi ne launinta, ƙaro ne ke riƙe ta a jikin itace, ruwa kuma ya wanke ta, don dama haka ake so. Tawadar kasko ma launi ce da mariƙi, amma ƙaro ba shi da aiki a nan. Mariƙinta shi ne PTFE ɗin kansa, an mayar da shi gari mai laushi ƙwarai a cikin ruwa. Wato da abin da ke ƙin mannewa aka yi tawadar. Kuma ba a jira kasko ya gama haɗuwa. Ana shafa fentin ƙasa wanda ke kama ƙarfe, a bi da na biyu, a buga ado tun fentin bai gasu ba, galibi a rufe da wani siririn shafi garai-garai kamar gilashi. Sai a tura cikin tanda mai zafin wajen digiri 400. PTFE yana narkewa a digiri 327, saboda haka na fenti da na tawada duk su narke su zama jiki ɗaya. Adon yana cikin santsin ne, shi ya sa sabulu ba ya fitar da shi.

Wannan zafi shi ke zaɓen launi. Ku tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa. Yawancin rini na tufafi sai ya ƙone tun kafin a kai 400, don haka ake komawa ga launukan ma'adinai: tsatsar ƙarfe don ja, baƙin hayaƙi don baƙi, sinadarin titaniyam don fari, da garin wani dutse mai walƙiya don ƙyalli. Ga wani sharaɗi, wanda a ganinmu ya fi kyan gani muhimmanci: abinci zai kwanta a wurin, don haka ba a yarda launi ya saki guba irin ta dalma ba.

Bugun kuwa kamar na masu buga rigunan walimar sauka ne, a matsa tawada ta cikin ƙyalle mai ramuka kamar rariya. Wasu masana'antu tun kasko yana faifai a miƙe suke bugawa, sannan inji ya lotsa shi, dole tawadar ta miƙe ba tare da ta tsage ba. In an riga an lotsa, sai a yi amfani da hatimin roba mai taushi.

Jan da'irar Tefal ba kwalliya ce kawai ba. Jar tawada iri biyu ce, ɗaya tana ƙara duhu in ta ji wuta. Idan zanen ya ɓace, da'irar ta koma launi ɗaya, kasko ya isa suya, ƙasa kaɗan da digiri 200.

Ku gaya wa Inna da su Yaya: cokalin ƙarfe da soson ƙarfe suna cire ado tare da santsin, na itace ya fi. Kada a bar shi a kan garwashi ba komai a ciki, domin daga digiri 260 PTFE yake fara lalacewa, in zafin ya ƙaru hayaƙinsa na sa mutum zazzaɓi, yana ma kashe tsuntsaye. A kasuwa kuma, a goga adon cikin kasko da yatsa mai laima. In launi ya biyo yatsa, a ajiye shi.