Mazantaka da Ciwo: Tsokaci a Kan Lafiyar Ɗalibai Maza

Bahaushe kan ce namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. Tun yaro yana ƙarami, in ya faɗi ya fara kuka, abin da zai ji shi ne: "Haba, kai fa namiji ne!" Da wannan tarbiyya yake shigowa jami'a, da ita kuma yake kwana uku cikin zazzaɓi a ɗaki bai gaya wa kowa ba.

A matsayinmu na ɗaliban harshe, ya kamata mu tambayi kanmu: shin abin da kalmar mazantaka take nufi ke nan? A shekarar 1974 aka buga nazarin A. H. M. Kirk-Greene mai suna Mutumin Kirki, inda ya tattaro halayen da Bahaushe yake auna mutum da su, kamar gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci da hankali. Ɓoye ciwo ba ya cikinsu. Haƙuri shi ne jure abin da ba ka da ikon sauyawa. Wanda kuwa yake da halin zuwa asibiti ya ƙi don kada a ce masa rago, wannan ganganci ne aka sa wa rigar dauriya.

Illar ba ta tsaya ga zazzaɓi ba. Damuwar da aka haɗiye takan nemi wata ƙofa, sau da yawa ta ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya cikin shekara guda, kuma uku cikin kowane huɗu maza ne. A wannan shekarar ce gwamnati ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Amma doka ba ta shiga ɗakin ɗalibin da yake haɗiyar tiramadol don ya kwana karatu, ko don abokai su ce yana da ƙarfi. (Abin mamaki, su ne kuma na farkon yi masa dariya in ya fara layi.)

A ganina gyaran daga majalisarmu zai fara. Ɗalibin da yake zaune a Akurba bai yi nisa da babban asibitin hanyar Shendam ba, wanda mutanen Lafiya suka saba kira Dalhatu Araf, ga kuma asibitin makaranta. Abin da yake hana shi tafiya sau tari bakin abokai ne. In abokin ɗakinka ya daina fita lacca, ya rage cin abinci, ya koma shiru, "ka daure" ba ta wadatar ba. Zauna da shi ka ji damuwarsa, kada ka kai ta majalisa, sannan ka raka shi a duba shi, kai ma a auna maka jini tunda ka je.